Tasirin Binciken Likita Lapesoni a kan Cutar Sanƙarau da Abin da ya Biyo Baya a Ƙasar Arewa

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Arewa, watau gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Dosso, tana cikin wani dogon zirin ƙasa wanda likitocin duniya suka san shi da annobar sanƙarau. Zirin nan ya taso tun daga Senegal a yamma, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi da Sudan, bai tsaya ba sai Habasha. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasashe 26 ya shafa. Mutumin da ya fara shata iyakokinsa a rubuce shi ne wani likitan soja Bafaranshe mai suna Léon Lapeyssonnie, wanda za a riƙa rubuta sunansa Lapesoni a cikin wannan maƙala, yadda bakin Bahaushe zai faɗe shi.

Manufar maƙalar ita ce a bayyana abin da wannan likita ya gano, da yadda masu bincike na Zariya da na Yamai suka ɗora a kai, da kuma yadda amfanin binciken ya iso ƙasar Arewa, musamman a lokacin annobar 2015. Daga ƙarshe za a duba kalmomin da a ke bukata domin sanin nan ya shiga littattafan yaƙi da jahilci ba tare da ya gurɓace ba. Ya kamata a lura tun daga farko cewa Tibirin da a ke nufi ita ce ta Dallol Mauri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi aka mai da ita gunduma a 2011, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba.

2.0 Cutar da ƙwayar da ke haddasa ta

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da lakarsa, watau farar jijiyar nan da ta bi ta tsakiyar ƙashin baya, suna lulluɓe da wani tantani mai laushi, a ƙarƙashinsa kuma akwai ruwa garai-garai kamar na rijiya. Idan ƙwayar cuta ta kai ga tantanin nan sai ya kumbura, ruwan ya gurɓace da mugunya. Wannan kumburi shi ne sanƙarau. Alamunsa su ne zazzaɓi mai zafi wanda ya kan zo farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da ƙin haske, da sanƙarewar wuya, wani lokaci har da suma ko fizge-fizge.

Ƙwayoyi iri-iri su kan iya jawo wannan kumburi, amma wadda ke tayar da annoba ita ce wadda masana ke kira Neisseria meningitidis. Wani likita mai suna Anton Weichselbaum ne ya fara ware ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1887. Kowace ƙwaya tana sanye da wata riga ta sinadari dangin sukari, da wannan riga kuwa a ke rarrabe ire-irenta. An san iri 12, amma shida ne suka fi ɓarna, su ne waɗanda aka laƙaba wa haruffan A, B, C, W, X da Y. Sanin irin yana da muhimmanci ƙwarai, gama allurar rigakafin da aka yi domin iri ɗaya ba ta kare mutum daga sauran.

Abin mamaki game da ƙwayar shi ne yawancin masu ɗauke da ita lafiyarsu lau. Ta kan zauna a maƙogwaro da bayan hanci, an kuwa ƙiyasta cewa a kowane lokaci kamar mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita bai sani ba. Tana bin tari da atishawa da numfashi daga wannan zuwa wancan, musamman inda a ke kwana da yawa a ɗaki guda. A jikin 'yan kaɗan ne ta kan keta fatar maƙogwaro ta shiga jini, ta kai ga ƙwaƙwalwa. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo ya kan ɗauki kwana biyu zuwa goma, galibi huɗu. In ba a yi magani ba, ta kan kashe wajen rabin waɗanda suka kwanta. Ko da an yi magani, kamar ɗaya cikin goma ya kan rasu, cikin waɗanda suka tashi kuma har ɗaya cikin biyar ya kan fita da wani lahani, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta.

3.0 Lapesoni da shata zirin sanƙarau

An haifi Lapesoni a birnin Mompeliye na Faransa a 1915, ya rasu a 2001. Ya yi karatun likitancin soja, ya ƙware a kan cututtukan ƙasashe masu zafi a makarantar Faro ta birnin Marsai. Aikinsa na farko a Afirka ta Yamma shi ne yaƙi da ciwon barci a ƙasar da a yanzu a ke kira Burkina Faso, cikin ƙungiyoyin nan na likitoci masu yawo ƙauye-ƙauye suna duba jama'a. Wannan tarbiyya ta bar masa ra'ayi guda wanda ya bi dukan ayyukansa: magani ko dabarar da malamin asibitin ƙauye ba zai iya aiki da ita shi kaɗai ba, ba ta da amfani a lokacin annoba.

Kafin zamaninsa an riga an san sanƙarau a yankin. An rubuta labarin wata babbar annoba da ta tashi a arewacin Nijeriya a 1905, wadda ta yi ta bazuwa yamma a shekarun da suka biyo. Amma kowace gwamnatin mulkin mallaka tana lissafin matattunta ne ita kaɗai, na Ingilishi daban, na Faransawa daban. Abin da Lapesoni ya yi shi ne ya tattaro waɗannan alƙaluma na shekaru masu yawa daga ƙasashe dabam-dabam, ya jera su a kan taswira ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon a mujallarta a 1963, cikin wani rahoto da ya fi shafi ɗari.

Abubuwa uku ne suka fito fili daga wannan aiki. Na farko, annobar tana da mazauni. Ta fi tsanani a ƙasar da ke tsakanin layin da ruwan sama ke kai milimita 300 a shekara daga arewa, da layin milimita 1,100 daga kudu. Ƙasar Arewa kuwa a tsakanin layukan nan biyu ta ke. Na biyu, tana da lokaci. Ta kan fara a tsakiyar hunturu, ta yi ƙarfi a bazara, watau Maris da Afrilu, sa'an nan ta mutu da zarar ruwan farko ya sauka. Na uku, tana da zagaye. Kowace shekara a kan sami masu ciwon, amma babbar annoba ta kan dawo ne bayan shekara biyar zuwa goma sha biyu.

Amfanin wannan bayani a bayyane ya ke. Abin da aka san wurinsa da lokacinsa, ana iya yi masa tanadi. Ma'aikatar lafiya za ta iya kai magani Dogon Dutsi ko Matankari tun watan Disamba, maimakon ta jira sai labarin mace-mace ya iso Yamai a watan Afrilu.

4.0 Maganin allura guda

Gudummawar Lapesoni ta biyu ta shafi magani. A asibitin birni a kan yi wa mai sanƙarau allura sau da yawa a rana, har kwanaki. A lokacin annoba, sa'ad da malamin asibiti ɗaya ke da majinyata hamsin kwance a ƙarƙashin rumfa, wannan ba zai yiwu ba. Saboda haka a farkon shekarun 1960 shi da abokan aikinsa suka gwada wani magani dangin salfa wanda ke daɗewa cikin jini, suka nuna cewa allura guda tana iya warkar da mafi yawan majinyata.

Maganin salfa bai daɗe yana ci ba, domin kafin ƙarshen shekarun 1960 ƙwayar ta fara jure masa. Amma dabarar allura guda ta zauna, masu bincike suka yi ta neman maganin da zai maye gurbinsa. A 1979 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka buga sakamakon gwajin kuloramfenikol mai mai, wanda shi ma ke narkewa a hankali cikin tsoka. Wani gwaji da aka yi a Mali da Nijar, aka buga a 1991, ya ƙarfafa shi, har ya zama maganin annoba na shekaru masu yawa. A 2003 kuma aka gwada seftiriyazon a asibitocin Nijar, aka tarar bai gaza kuloramfenikol ba. Tun daga 2014 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ga ba da seftiriyazon na kwana biyar a lokacin annoba, saboda an lura ba ƙwaya ɗaya kaɗai ke kwantar da mutane ba a irin wannan lokaci. Watau an bar allura guda, amma tambayar da Lapesoni ya fara yi, ta abin da asibitin ƙauye zai iya ɗauka, ita ce har yanzu a ke auna kowane sabon magani da ita.

5.0 Waɗanda suka ɗora a kai: Zariya da Yamai

Lapesoni ya nuna lokacin da cutar ke tashi, amma bai warware dalilin ba. Wannan tambaya ita ce ƙungiyar Brian Greenwood ta ɗauka a Zariya, inda ya yi wajen shekara goma daga 1970, ya kuma ga annobar 1977 da idonsa. Suka riƙa shafo maƙogwaron mutane masu lafiya rani da damina suna duba ƙwayar. Abin da suka gano shi ne ƙwayar ba ta ɓacewa da damina. Tana nan tana yawo tsakanin mutane, ciwon ne kawai ke ɗaukewa. Daga nan suka kawo bayanin da mafi yawan masana suka karɓa, cewa busasshiyar iska da ƙura da zafi su ne ke raunana fatar hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen karkara da ke cewa zafi ke kawo sanƙarau sun hango rabin gaskiya ke nan: zafi da ƙura ke tsaga bangon, amma mai shiga ƙwaya ce da aka ɗauko daga wani mutum.

A Nijar, an kafa cibiyar bincike a kan sanƙarau da tsargiya a Yamai a 1978, wadda aka fi sani da CERMES. A 2002 ta koma hannun gwamnatin Nijar, tana kuma cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur na duniya. Matsalar da cibiyar ta fuskanta ita ce ta nisa. Domin a san irin ƙwayar da ta kwantar da mutum, sai an ɗebi ruwan lakarsa da allura ta gadon baya, a shuka shi a ɗakin awo, ƙwayar ta tsiro. Ƙwayar kuwa ba ta da juriya a wajen jiki. Ruwan da aka ɗeba a Dogon Dutsi, kafin ya ci tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Yamai cikin zafin bazara, sau da yawa ta riga ta mutu.

Daga ƙarshen 2002 ma'aikatan cibiyar suka shigo da wata dabara da a ke kira PCR, wadda ba ta bukatar ƙwaya mai rai, domin tana gane ta ne daga sinadarin gadonta, ko da ta mutu. Fati Sidikou, 'yar Nijar mai bincike a cibiyar, ita ce sunanta ya zo farko a rahoton da aka buga a 2003 game da wannan aiki. A 2006 kuma, a ƙarƙashin jagorancin Suzanne Chanteau, cibiyar tare da ta Pasteur ta Faris suka fito da wasu 'yan tsinkayen takarda waɗanda a ke tsomawa cikin ruwan laka, su nuna irin ƙwayar cikin 'yan mintoci a gefen gadon majinyaci. Da irin wannan sa ido ne aka gane cewa annobar da ta taɓa Yamai da yammacin Nijar a 2006 ta irin X ce, wanda a lokacin babu rigakafinsa ko kaɗan.

6.0 Rigakafi

A 1969 Emil Gotschlich da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ana iya tace rigar sukarin ƙwayar a yi allurar rigakafi da ita. Lapesoni yana cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin Mérieux na birnin Liyon ya sarrafa ta domin irin A, wanda shi ne ya fi addabar Afirka a lokacin. An gwada ta a Masar da Sudan a farkon shekarun 1970, a 1975 kuma aka yi wa mutum wajen miliyan 90 a Barazil. Sai dai allurar tana da rauni uku: ba ta kama jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, kariyarta ba ta wuce kamar shekara uku, ba ta kuma kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. Don haka a kan ajiye ta ne sai annoba ta tashi a bi ta a baya.

Annobar 1996 zuwa 1997 ta nuna iyakar wannan tsari. Fiye da mutum 250,000 suka kamu a faɗin zirin, fiye da 25,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai an lissafa fiye da 100,000 da suka kamu a 1996. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman domin samo sabuwar allura, wadda za a ɗaura sukarin a jikin wani furotin don jikin yaro ya riƙe shi. Shugabannin lafiya na Afirka, har da na Nijar, suka kafa sharaɗi cewa kada kuɗin allura ɗaya ya wuce rabin dalar Amurka. Wani kamfanin Indiya mai suna Serum Institute ya karɓi sharaɗin. A watan Disamba na 2010 aka fara babban gangamin allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Cikin 'yan shekaru annobar irin A ta ɗauke daga zirin.

7.0 Annobar 2015 a ƙasar Arewa

Ɗaukewar irin A ba ta zama ƙarshen sanƙarau ba. A 2013 aka ga wani sabon reshe na irin C a jihar Sakkwato, a 2014 kuma a jihar Kabi. Duk wanda ya san ƙasar ya san iyakar da ke tsakanin Arewa da waɗannan jihohi iyaka ce ta takarda: harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwanni ɗaya, ga kuma 'yan cin rani masu kai da kawowa daidai lokacin da cutar ke tashi. A bazarar 2015 irin C ya tayar da annoba a Nijar, gundumar Dogon Dutsi tana cikin waɗanda ta fi taɓawa, daga baya ta yi tsanani a Yamai har aka rufe makarantun birnin na 'yan kwanaki a watan Afrilu. Zuwa ƙarshen Yuni, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafin mutum wajen 8,500 da a ke zaton sun kamu, 573 suka rasu. Rigakafin da ya ƙunshi irin C ya yi ƙaranci a duniya a wannan shekara, abin da ya jinkirta gangamin allura.

A nan aikin ɗakin awo ya nuna ƙimarsa. Mutanen da aka yi wa MenAfriVac shekara huɗu ko biyar da suka wuce suna kwantawa da sanƙarau. In da ba a san irin ƙwayar ba, da sai a ce allurar ce ba ta da kirki. Awon da CERMES ta yi ya tabbatar da cewa irin C ne, rahoton da Fati Sidikou da abokan aikinta suka buga a 2016 kuma ya zama abin da a ke komawa gare shi game da wannan annoba.

Bayan annobar, masu bincike na cibiyar Epicentre, tare da ma'aikatar lafiya, suka bi gida-gida a gundumar Dogon Dutsi suna neman waɗanda aka rubuta sunayensu a littafin asibiti, domin su san wanda ya rasu, da wanda ya tashi, da lahanin da ya rage. Suka tarar cewa mutanen gidan majinyaci sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa. Wannan ya haifar da wata tambaya: in an ba masu lafiya maganin da ke kashe ƙwayar a maƙogwaro, za a tare annobar kafin rigakafi ya iso? An gwada haka a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi a 2017 da ƙwayar sifirofulozasin guda ɗaya. Ba wa mutanen gidan majinyaci kaɗai bai rage yawan masu kamuwa a ƙauye ba, amma ba wa ƙauyen gaba ɗaya ya rage su da wajen kashi 60 cikin 100. Tambayar da ta taso daga Arewa, a Maraɗi aka amsa ta.

A watan Yuli na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar, watau A, C, W, X da Y. Nijeriya ce ta fara aiki da ita a watan Maris na 2024, Nijar kuma ta bi a cikin wannan shekara.

8.0 Yadda a ke auna tasirin mai bincike

A jami'o'i a kan auna malami da yawan waɗanda suka ambaci aikinsa a rubuce-rubucensu. Ta wannan fuska Lapesoni ba shi da abin kunya, gama fiye da shekara sittin bayan rahotonsa, da wuya a buɗe maƙala a kan sanƙarau a Afirka ba a ga an ambaci zirin da ya shata ba. Amma akwai ma'auni biyu da suka fi wannan nauyi.

Na farko shi ne ko binciken ya sauya aikin yau da kullum. Tsarin da a ke bi a gundumomin lafiya na zirin, na ƙidayar masu ciwon mako-mako a lokacin rani, ya ginu ne a kan sanin cewa cutar tana da wuri da lokaci. Bisa ga ƙa'idar 2014, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka sami abin da ya kai mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, a kan shiga shiri. In ya kai 10, annoba ce. A yankin da bai kai mutum 30,000 ba kuwa, mutum 2 a mako gargaɗi ne, 5 annoba.

Na biyu shi ne ko binciken ya jure gyara. An gyara Lapesoni a wurare da dama. An ga annoba a kudu da layin da ya ja, an bar maganinsa na salfa, irin A da ya sani ya kau, wasu sun maye gurbinsa. Duk da haka ginshiƙin bayaninsa bai rushe ba. Ya kamata kuma a tuna cewa alƙaluman da ya tattara, malaman asibiti 'yan ƙasa ne suka cika su a littattafan rajista, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba. Bambancin da aka samu tsakanin 1963 da 2016 shi ne a rahoton baya sunan 'yar ƙasa ne a gaba.

9.0 Matsalar kalmomi

Duk wannan sani ba zai ceci yaro a Kore Mairuwa ko Dogon Kirya ba sai uwarsa ta gane ciwon ta kai shi asibiti a ranar farko. A nan ne aikin masu tsara littattafan karatun manya ya shigo, akwai kuwa wurare huɗu da ke bukatar lura.

Na farko, sunan cutar kansa. Sanƙarau ya fito ne daga aikatau sanƙare, a bisa tsarin da ya ba da mantau daga manta da makarau daga makara. Suna ne mai kyau, amma alama ɗaya ya kama, watau sanƙarewar wuya. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura. Darasin da ya tsaya ga ma'anar sunan zai sa uwa ta jira alamar da ba za ta zo ba. Haka nan fizge-fizge da suma su kan sa a zaci iskoki ne, a ɓata kwana guda ko biyu, cutar kuwa tana iya kisa cikin yini ɗaya.

Na biyu, kalmar ƙwaya. A Hausa ƙwaya ce ke sa ciwo, ƙwaya ce kuma a ke haɗiya a warke. Ya kyautu marubuci ya riƙa cika kalmar ko'ina, ya ce ƙwayar cuta ko ƙwayar magani, ko da jimla za ta yi tsawo.

Na uku, allura. Allurar magani ta mai ciwo ce, allurar rigakafi ta mai lafiya, wadda tsofaffi suka sani da sunan lamba tun zamanin yaƙi da agana. In ba a raba su ba, mai zazzaɓi zai tafi layin rigakafi yana zaton magani ya samu.

Na huɗu, ire-iren ƙwayar. Annobar 2015 ta nuna haɗarin a ce wa mutane an yi musu rigakafin sanƙarau a yi shiru. Dole a ƙara da cewa sanƙarau iri-iri ne, kamar yadda gero ke da iri-iri, a kuma faɗi irin da allurar ta ƙunsa. Haruffan da aka laƙaba musu ma abin dubawa ne: X ba ya cikin abacadar Hausa, C kuma sautin da ɗalibin yaƙi da jahilci ya koya mata daban ya ke da yadda ma'aikacin lafiya mai karatun Faransanci ke kiranta. Yana da kyau a tsai da yadda za a riƙa faɗin haruffan nan a rediyo da cikin aji, a kuma daidaita shi da na ƙetaren iyaka, tun da jama'ar ɗaya ce.

10.0 Kammalawa

An ga yadda rahoton 1963 ya ba cutar sanƙarau wuri da lokaci da zagaye, yadda masu bincike na Zariya suka bayyana dalilin lokacin, da yadda na Yamai suka samo hanyar gane irin ƙwayar daga nesa. An kuma ga cewa ƙasar Arewa ta ba da nata kason, ta hanyar binciken da aka yi a gidajenta bayan annobar 2015. A 2020 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shirin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Magani da rigakafi da na'urorin awo aikin likitoci ne. Abin da ya rage ga masana harshe da masu tsara karatun manya shi ne su tanadi darussa gajeru, da kalmomi tsayayyu waɗanda aka gwada a bakin mutanen Arewa, su kuma sa su cikin jadawalin watannin Nuwamba da Disamba.